Ragon da Surukina Ya Yanka

A makarantar mishan an koya mana cewa wanda bai iya gyara shimfiɗarsa ba bai isa ya buɗe baki a kan Ubangiji ba. Da wannan tarbiyya na yi aikin jinya a Gwandu, da ita kuma na yi ritaya na zauna a Kalgo, katanga ɗaya da wani malamin allo da ya ɗan girme ni.

Kowace Kirsimeti shi yake yanka mini rago. Yakan zo da wuƙarsa da hantsi, ya yanka bisa ƙa'idar addininsa, ya wanke hannu, ya tafi. Saboda haka iyalinsa suke cin abincinmu ba tare da tambaya ba. Mun sha muhawara a kan tabarma. Ba ya son jin na ce mu 'ya'yan Allah ne. Nakan ce ba haihuwa nake nufi ba, karɓa ce, kamar yadda ake shigar da maraya cikin gida ya zama ɗa. Yakan ce, "Likita, a wurinmu dai ɗan riƙo ba ya gado." Bai yarda ba, ban janye ba, ba kuma wanda ya taɓa tashi da fushi.

Bara mijin autata ya zo hutu. Mutum ne mai takalmi mai tsini, muryarsa ta fi karatunsa yawa, ya kuma naɗa kansa mai wa'azi ba tare da kowa ya gwada shi ba. Kafin in fito daga wanka ya riga ya yanka ragon, yankan ma a karkace, jini har bakin randa.

"Baba, mu 'ya'yan Allah ne, ba mu buƙatar wuƙar kowa," in ji shi. "A kai wa su Malam su ci. In sun ƙoshi sai in gaya musu wanda ya yanka, su ga ba abin da ya same su. Ai wa'azi ke nan."

Na dube shi daga takalmin har sumar. Wato amanar da na yi shekaru ina ginawa da Malam, ita zai mayar tarko, ya kira abin bishara.

Na ce, "Ɗan gidan mutunci ba ya zuba wa baƙon ubansa abin da ya san ba zai ci ba. Wanke randar nan."

Na sa hula na zagaya gidan Malam. Na same shi yana wasa wuƙa.

"Malam, mayar da ita kube. An riga ka. Naman bana ba naku ba ne."

Ya ce, "Wane gwani ne?"

"Surukina."

"Mai takalmin nan? Allah Ya ji ƙan ragon." Ya gwada kaifin a babban yatsa. "Da ka yi shiru, da mun ci, Likita."

"Na sani. Shi ya sa na zo."

Ina da zakaru biyu da nake tanadi don sabuwar shekara. Su ne Malam ya yanka, aka dafa a wata tukunya dabam, aka kai gidansa. Da yamma kwanon ya dawo a wanke, da dabino a ciki.

Ragon kuwa surukina ya yi ta ci har ya koma. Ban taɓa ko tsoka ɗaya ba.