Finjalin da Obadiya Ya Ajiye a Ƙasa

Yayana Shukri, wanda duk Kafar Nabhan ta sani da Abu Hazim, bai taɓa zama dattijon sulhu ba, ko da yake ba zaman sulhun da aka yi a garinmu babu shi. Shi mai zuba gahawa ne. Mahaifinmu ya rasu ya bar gonar zaitun da butar tagulla da turmin dakan gahawa. Ni na tafi gidan miji, shi ya zauna da duka ukun, kuma in ka tambaye ni, butar ya fi so.

In an yi rasuwa ko ɗaurin aure, tun da hantsi za ka ji turminsa yana amsawa kamar ganga. Buta a hannun hagu, finjali, wato ɗan ƙaramin kofi, a dama, ya zuba ɗan kaɗan iya rufe gindin finjalin, ba sukari ko ƙwaya. Ka shanye ka miƙa masa. In ka girgiza finjalin ya san ka ƙoshi, in ba ka girgiza ba ya ƙara maka. Gahawar makoki karɓa ake yi a sha nan take. Ta sulhu ce mai wuyar sha'ani. Dattawa su zo gidan da aka yi wa kisa a madadin gidan da suka yi, a zuba musu, su ajiye a ƙasa, ba mai taɓawa sai mai gida ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu."

Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, manya suna ta jawabi, kai kana tsaye da buta kamar zakara."

Ya ce, "Nawal, bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba ta je ba. Ni aikina kada ta huce. In ta huce a gaban baƙo, na zubar na sake wata. Muddin tana tururi ba wanda zai tashi ya ce an wulaƙanta shi."

Da aka ja shinge ya raba garin da gonakinmu, sai zaitun ɗinmu ya koma kamar ɗan da ke kurkuku, sai da takarda ake ganin sa. Ƙofar shingen ba ta buɗuwa sai lokacin tsinka, da safe ta buɗe, da yamma ta rufe, ko ka gama ko ba ka gama ba. A shekarun nan ne wasu Yahudawa suka fara zuwa daga can ɓangaren suna taya mu tsinka. Yawancinsu matasa ne masu takalman tsada, su yi kaka ɗaya a daina ganin su. Ɗaya ne ya liƙe, wani tsohon direban bas mai suna Obadiya, wanda iyayensa suka zo daga Basra. Larabcin mutanen Iraki yake yi, irin na tsofaffi, mata suna jin sa suna rufe baki da mayafi. Yayana ya sa masa Abu Eli, da sunan babban ɗansa.

"Abu Eli, zaitun aka ce ka tsinka, ba reshe ba! Haka ka riƙa yi wa fasinjoji?"

"Tsaninka ne gurgu, Abu Hazim. Tun zamanin Turkawa ba a gyara shi ba."

Ni dai ban taɓa sakin jiki da shi ba, kuma ban ɓoye ba. Na ba shi gurasa da mai da yajin za'atar don ba a hana mai aiki abinci, amma na san ya sa kakin soja a ƙuruciyarsa, ɗansa ma ya sa. Mai taya ka tsinka da safe, da yamma shi ya wuce ta babbar hanya, kai ka tsaya a layi.

A bakin ƙofar shingen nan aka kashe Hazim, ɗan Yayana. Wata safiya ce sojoji suka makara, mutane suka taru da jakuna da buhuna, da aka buɗe kuma aka ce za a rufe da wuri. Aka fara turereniya, wasu suka yi jifa daga baya, wani soja ya yi harbi. Hazim yana riƙe da igiyar jaki ne. Ya bar mata da jaririya. Aka ce ana bincike, daga baya aka ce an rufe maganar.

Yayana da kansa ya zuba gahawa a makokin ɗansa, ya ƙi ba kowa butar. Bayan an watse sai na lura da wani abu da ya fi kukan matar Hazim tayar mini da hankali. Kullum da safe zai share tsakar gida, ya jera kujeru, ya zauna yana kallon ƙofa.

Na ce, "Yaya, wa kake jira?"

Ya ce, "In ɗan gidan wane ya kashe naka, ka san ƙofar da dattawa za su fito. Wannan fa? Ban san sunan yaron da ya harbe shi ba, ban san uwarsa ba. Na yi rayuwata ina ganin ana zuwa ana roƙon mutane. Ni ba wanda zai zo ya roƙe ni, ko don in ce a'a."

Bayan arba'in Obadiya ya zo. Ya ajiye motarsa a bakin gari ya tako da ƙafa, maza suka bi shi da ido, wasu suka biyo shi har ƙofar gida. Ina bakin madafa na gan shi, jinina ya tafasa. Yayana ya nuna masa kujera, don baƙo baƙo ne, ya ɗauko buta ya zuba masa. Obadiya ya karɓa da hannun dama, ya sunkuya, ya ajiye finjalin a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

Na ce a raina, mutumin nan ko jahili ne, ko kuwa ya san abin da yake yi.

Yayana ya ce, "Abu Eli, ka san ma'anar abin da ka yi?"

"Na sani. Na ji shi a bakin mahaifina."

"To wa ya aiko ka? Uban yaron?"

"Ban san shi ba."

"Gwamnatinku?"

"Ko a mafarki."

"To da bakin wa za ka yi magana? Ba a sulhu da ɗan kallo."

Obadiya ya ce, "Ni ba ɗan kallo ba ne. Kayan da yaron ya sa, na sa su, Eli ma ya sa. Ban zo in ce ka yafe ba, ba ni da wannan bakin. Na zo ne don kada a ce an kashe Hazim ba wanda ya zo."

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Sannu da ƙoƙari! Ka zo, mun gan ka, tashi ka kama hanya. Zuwanka zai shayar da jaririyar ne?"

Yayana bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Nawal, koma ciki."

Bai ce masa ya sha ba. Bai kuma kore shi ba. Da gahawar ta huce ya ɗauki finjalin ya zubar a gindin lemo, ya zuba sabuwa, Obadiya ya sake ajiyewa. Haka suka yi har aka kira la'asar, mutumin ya tashi ya tafi.

Na zaci shi ke nan, ashe an fara ne. Duk kakar zaitun sai ya zo, wani lokacin ma tsakanin kaka da kaka. A zuba, ya ajiye. Shayi kuwa yana sha har da neman ƙari, maƙluba ma, shinkafarmu da nama, ba ya raga mata. Suka koma faɗansu na tsani da reshe, finjalin yana ƙasa tsakaninsu yana tururi. Obadiya ya yi ta zirga-zirga wajen lauyoyi a kan maganar Hazim, ba abin da ya fito. Garin kuwa ya rabu. Wasu suka ce Abu Hazim yana cinikin jinin ɗansa, har akwai gidajen da suka daina kiran sa zuba gahawa. Wasu suka ce ai wulaƙanta Bayahuden yake yi, madalla. Duka biyun ba su fahimce shi ba, ni ma na jima ban fahimta ba.

Wata rana na tsare shi. "Yaya, wannan wane irin zama ne? Ko ka ce ya sha, ko ka sallame shi mu huta."

Ya ce, "In na ce ya sha, na yafe jinin da ba shi ya zubar ba, wanda ya zubar kuma yana can yana cin abincinsa. In na kore shi, na kori mutum ɗaya tak da ya zo."

"To sai yaushe?"

"Sai ranar da aka faɗi sunan Hazim a inda ya kamata, aka ce abin da aka yi ba daidai ba ne. Sai ranar da zan shiga gonar ubana ba takarda. Kafin nan, in dai zai zo, ni zan ɗumama."

Na ce Allah Ya ba mu tsawon rai, don na ga abin na masu haƙuri ne, ni kuwa ba a raba da ni ba.

Sai kakar nan ta zo, wadda ba mai son tuna ta. 'Yan bindiga suka shiga garuruwan Yahudawa na kudu suka kashe mutane a cikin gidajensu, sannan aka fara ruwan wuta a Gaza, dare da rana. 'Yar gwaggonmu Suhaila, da ke aure can a Khan Yunis ta Gaza, gini ya rufta a kanta da 'ya'yanta. Aka tula ƙasa da duwatsu aka toshe hanyar garinmu. Ƙofar gona ba ta buɗe ba ko sau ɗaya, zaitun ya nuna ya zube muna hangen sa. A cikin wannan hali Eli ya bugo wa Yayana waya, ya ce ƙanwarsa Ronit, ma'aikaciyar jinya, tana cikin waɗanda aka kashe a kudu.

Ba a daɗe ba, wata safiya na ji turmi. Na zo na same shi yana daka.

"Wa ya rasu kuma?"

"'Yar Abu Eli. Zai zo bakin babbar hanya."

"Yaya, ka haukace ne? 'Ya'yan Suhaila suna ƙarƙashin gini ko likkafani ba su samu ba, kai za ka ɗauki buta ka kai wa Bayahude?"

"Su ma na zuba musu, kina nan."

"Mutane za su ce me?"

"Za su ce Abu Hazim ya je ta'aziyya. Dama aikina ne."

Na zage shi iya zagin da ƙanwa za ta iya yi wa yayanta, sannan na ɗauki finjalai na bi shi, don gwiwarsa ba ta hawa tudu, kuma in harbin sa za a yi, ba zan yarda a harbe shi shi kaɗai ba. Muka haura tulin ƙasar da rana tsaka, ina riƙe da hannunsa, yana riƙe da butar a naɗe cikin tawul. Sojojin da ke kan hasumiya suna kallon mu.

Obadiya yana jingine da motarsa. Da ƙyar na gane shi. Gemu ya cika masa fuska, don su ba sa aski in suna makoki, wandon kuma ya yi masa yawa. Bai miƙa hannu ba.

Ya ce, "Ban san me ya kawo ni ba. Matata ta ce in na zo kada in koma mata gida. Abu Hazim, zan faɗa maka gaskiya, kwanakin nan na tsane ku. Dukanku. Har da kai."

Yayana ya ce, "Na san kwanakin nan. Na yi su."

Ya kwance tawul ɗin, ya karɓi finjali a hannuna, ya zuba. Obadiya ya karɓa, kuma saboda sabo sai ya sunkuya zai ajiye a kan kwalta. Yayana ya riƙe masa wuyan hannu.

"Ba ita ba ce. Wannan ta makoki ce, ba a ajiye ta."

"Waccan fa?"

"Waccan tana nan. Ban canza magana ba. Yanzu kai ma kana da taka, kuma na san ba wanda ya zo ya roƙe ka. Ni ma ba wanda ya aiko ni. Sha, don Ronit."

Ya kai finjalin baki. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska, hawaye suka gangaro cikin gemun.

Ya ce, "Shekara da shekaru ina kallon ta a ƙasa. Ashe haka take da ɗaci."

"Wa ya ce maka zuma ce?"

Na yi niyyar ba zan buɗe baki ba, amma ni uwa ce, kuma na san yadda ake wanke gawar ɗa. Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Abu Eli." Ya gyaɗa mini kai.

Daga kan hasumiya aka daka mana tsawa da lasifika, aka ce mu watse. Na ja rigar Yayana na ce mu tafi. Obadiya ya miƙo finjalin. Na zuba wa hannunsa ido ina jira ya girgiza, mu samu mu koma da ranmu.

Bai girgiza ba. Yayana ya ɗaga butar ya ƙara masa.