Ranar da Baba Ya Auna Inuwarsa

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, na ajiye aikina a Zariya na dawo gida Nasarawan Doya jinya. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai in yana tashi yana takawa kullum, in kuwa ya ci gaba da kwanciya za ta sandare. Baba ya ce ba inda za shi. Mutumin da ya tsufa yana noman rake, a ce yau sai an rirriƙe shi kamar mai koyon tafiya? Ya juya fuska bango. Ko 'yan dubiya sun zo daga Paki ko Kudan, "Alhamdu lillahi" kawai yake cewa. Na yi lallashi, mahaifiyata ta yi kuka, duk a banza.

Zaman jinya akwai gundura, shi ya sa wani abokina na Ikara ya turo min wani wasa a waya. Wasan kamar an rataya farin ƙyalle ne an kunna fitila a bayansa, komai inuwa ne. Akwai wani ɗan mutum kamar an yanko shi daga fata an kafa a tsinke, shi kake tafiyarwa. Ba ya taka ƙasa, inuwar abubuwa yake takawa. In ka ja fitilar da yatsa sai inuwar ta canja, ya samu hanyar wucewa.

Na yi ta haye matakai ina jin kaina, har na iso wani rami mai bishiya ɗaya a bakinsa. Inuwar bishiyar ce za ta zama gada. Ni a lissafina, in ana son inuwa ta yi girma sai a ɗaga fitila sama ta haska sosai. Kwana uku ina ɗaga fitila, bawan Allahn nan yana faɗawa rami. Ni mai difloma fa.

Rana ta huɗu da hantsi ina zaune a gefen gadon Baba, na ja wani dogon tsaki, na manta a gaban wa nake.

"Kai, wa kake wa tsaki?" in ji shi.

Na zame ƙasa na ba da haƙuri, na ce wani wasa ne ya gagare ni. Na ɗauka faɗa zan sha, sai ya ce in nuna masa. Na kai wayar kusa da fuskarsa na yi bayani, na ɗaga fitilar, ɗan mutumin ya sake faɗawa.

"Wannan fitilar ita ce ranarsu?"

Na ce, "Ita ce, Baba."

"To ka kai rana tsaka kana neman doguwar inuwa? Sauko da ita mana, ka mai da ita la'asar."

Na ja fitilar ƙasa. Inuwar bishiya ta miƙe har ta taɓa wancan bakin, ɗan mutumin ya haye abinsa. Kunya ta rufe ni. Baba ya yi dariya da ɓarin bakin da ke motsi, rabona da jin dariyarsa tun kafin ciwon.

Daga nan baki ya buɗe. Ya ce su a gona ba ruwansu da agogo. Mutum zai ba rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, ya auna da tafin ƙafa, ɗaya gaban ɗaya. Da yawan takun suke sanin la'asar ta yi. Na ce gaskiya ban yarda ƙafa za ta kai agogon waya daidai ba. Wallahi ba dabara na yi ba, gardamar 'yan boko ce kawai.

Ya dube ni ya ce, "In rana ta karkata ka fitar da ni tsakar gida."

Ni da mahaifiyata muka tallabe shi. Ya tsaya yana rawar jiki, ya sa ta ajiye dutse a kan inuwar hularsa. Sai ya fara aunawa, yana jan ƙafar nan mai ciwo yana haɗa dunduniya da yatsu, gumi na zuba. Da ya isa dutsen ya ce, "Saura kaɗan. Je ka yi alwala." Ban gama wanke ƙafa ba ladan ya ɗaga murya. Mahaifiyata ta shige madafi da sauri, wai hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Na ce masa dace ne. Wannan karon kam da gangan na faɗa. Washegari ya sake fita don ya kunyata ni, haka jibi, har ya daina neman hannuna ya koma sanda.

Yanzu in na tuna, tausayinsa da kunyar kaina suke kama ni tare. Wata guda ina ba shi umarni kamar shi ne ɗana, ban tambaye shi komai ba sai "Ya jiki?" Ƙafar ba ta dawo duka ba, har yau yana ɗan ja, amma da kansa yake zuwa masallaci. Duk zuwana gida sai na nemo abin da ban sani ba na tambaye shi, kuma ban taɓa rasawa ba.