Dattijo Mai Shekara Goma Sha Tara

Tun da maigidana ya rasu nake bayar da hayar saman benena a nan Kakinada, kuma tun lokacin cocin Mormon ne ke kamawa. Yaransu masu wa'azi suke sakawa a ciki, bibbiyu kamar takalmi. Ban taɓa samun 'yan haya irinsu ba. Ba giya, ba taba, ba 'yan mata, ko rediyo ba sa kunnawa. Aibinsu ɗaya, duk sabon da ya zo sai ya sauko ya miƙa mini littafinsu mai shuɗin bango. Nakan karɓa da hannu biyu in ɗora a kan 'yan'uwansa a kanta, in koma in kunna wa allolina fitila. Su sun sauke nauyi, ni ban ɓata wa kowa rai ba.

Da yawansu fuskokinsu sun gauraye mini. Wanda bai gauraye ba shi ne Bandela Sudheer.

Ran da ya iso, ya sauko daga babur mai ƙafa uku cikin farar riga da ta yi masa yawa, da igiyar nan da suke ɗaurawa a wuya, da ɗan baƙin allo a ƙirji. A cocinsu duk yaron da ya fita wa'azin shekara biyu Dattijo ake kiransa, ko da jiya aka yaye shi. Na dubi haɓarsa, ko gashi ɗaya babu.

"Sannu da zuwa, Dattijo. Jikokin fa, suna lafiya?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Goggo, ba ni na zaɓi sunan ba."

Daga harshensa na gane ɗan bakin kogin Godavari ne. Na tambaye shi garinsu, ya ce Rajahmundry. Na ce to ai wannan ko akuya aka kora da safe za ta isa kafin azahar. Ashe nan gyambon yake. Tun yana shekara goma sha bakwai ya shiga cocin, ta hanyar ajin Turanci da suke yi kyauta, kuma tun lokacin yake addu'a a tura shi nesa. Ya ga wasu an kai su Delhi, wani ma har ƙasar waje. Ya sayi rigar sanyi ya ajiye. Sai aka turo shi garin da yayar mahaifiyarsa ke sayen kifi. Kuma doka ta ce ba zuwa gida sai ya gama.

Ubansa Yesupadam mai shayi ne a bakin tashar mota, Kirista ne na tsohon coci. Sudheer ya ce ran da ya gaya masa sabon addininsa ya hana shan shayi da kofi, tsohon ya daɗe yana juya ludayi a tukunya, sannan ya ce, "Duk addinan da ke ƙasar nan, ka rasa wanda za ka shiga sai mai neman ya rufe mini shago." Amma shi ya ɗinka masa fararen rigunan, kuma shi ya sa tela ya ƙara faɗi wai yaro zai yi ƙiba.

Abokin zamansa wani Dattijo Masih ne, ɗan Delhi, dogo, marar magana. Rashin maganar ba hali ba ne kaɗai, bai iya yarenmu na Telugu ba, banda gaisuwa da "ya isa haka" in ana zuba masa miya. Barkononmu kuwa ya mai da shi abin tausayi. Amma ya riga Sudheer fitowa da wata shida, don haka shi ne babba, kuma dokar tasu ya haddace ta kamar shi ya rubuta. Ba mai rabuwa da ɗan'uwansa ko nan da bakin titi. In ɗaya zai sayo sabulu, ɗayan ya sa takalmi. Miji da mata ma sukan huta da juna, waɗannan kuwa in ban da banɗaki ba inda mutum zai yi numfashinsa shi kaɗai. Ina jiyo su ta taga suna faɗa da Turanci a kan wanda ya bar guga babu ruwa, can kuma in ji sun durƙusa suna addu'a tare, kowa na roƙon Allah ya shiryi ɗan'uwansa.

Ba a yi wata biyu ba wata mata gajera ta yi mini sallama da jaka a hannu. Mariyamma ce, uwar Sudheer. Ta ce ita ba wurin ɗanta ta zo ba, ta san doka. Wurina ta zo, don ta ji an ce ni mutuniyar kirki ce. Ta fito da kwalbar dakakkiyar yakuwa da barkono ta ajiye mini, ta ce in na ga ta yi mini yawa ina iya raba wa maƙwabta. Tana maganar tana ɗaga murya tana kallon silin.

A saman kuwa takun ƙafa ya tsaya cak. Na leƙa tsakar gida na ga Sudheer a bakin baranda ya riƙe ƙarfe, Masih na bayansa kamar ɗan sanda. Uwar ta fito tana gyara mayafinta, ba ta ɗaga kai ba. Ta tsaya a gindin bishiyar mangwarona ta ce da bishiyar, "Kin rame. Ki riƙa cin abinci." Ta fita.

Da la'asar na hau da kwalbar. Masih ya dube ta, ya dubi ƙaramin littafin dokarsu, bai sami inda aka ambaci yakuwa ba. Daga nan Mariyamma ta zama ƙawata, duk wata sai ta zo gaishe ni.

Aikin nasu kuwa, da sassafe su yi karatu, su hau kekuna su fita a ranar nan tamu mai narka kwalta, su dawo riguna sun manne a baya. Mutanenmu ba sa korar baƙo. Za a shimfiɗa musu tabarma, a kawo shayi su ce a'a, a kawo kofi su ce a'a, sai uwar gida ta tambaya ko ba su da lafiya ne. A saurare su har ƙarshe, a yaba Turancinsu, a tambaya ko cocin na kai mutane Amurka. Ran Lahadi su jira a bakin ƙofar coci, ba wanda zai zo. Duk mako babbansu mai kula da masu wa'azi na bugo waya ya ji labari, Sudheer ya riƙa cewa akwai masu sha'awa da yawa. Bai yi ƙarya ba, sha'awa kam akwai.

Mutum ɗaya ne ya riƙe su da gaske, shi ne Devadanam na ƙarshen layinmu, tsohon makanikin injin jiragen masunta. Matarsa ta rasu, ɗansa na Kuwait, 'yarsa na aure a Hyderabad. An haife shi Kirista, amma ya yi rigima da fastoci har sai da coci-cocin unguwar suka ƙare masa. Da ya ji akwai yara biyu da aikinsu kawai su zauna a yi musu da su, kuma ba sa fushi, sai ya ga kamar fansho aka ƙara masa.

Ran farko ya kalli allon ƙirjin Sudheer ya ce, "Bandela na ina?"

"Na Rajahmundry, Baba."

"Ba dai ɗan Yesupadam na tasha ba?"

"Shi ne mahaifina."

"To. Shekara nawa ina zuwa sayen kayan inji garinku, ban taɓa hawa mota ban sha shayin ubanka ba. Yanzu ɗansa ne ya biyo ni har gida ya hana ni. Ya san abin da kake yi a nan?"

"Ya sani, Baba."

"Allah ya ba shi haƙuri. Zauna. Amma kafin nan hau kujerar can ka duba mini fankar nan, tana kuka."

Haka aka fara, haka kuma aka ci gaba. Kowane darasi da ladansa. Sun gyara fanka, sun share rufin kwano kafin damina, sun raka shi asibiti, sun koya masa yadda zai ga fuskar jikokinsa a waya. In an zo karatu, Sudheer ya yi bayani da Telugu a kan annabinsu da mala'ika ya nuna wa allunan zinariya binne a wani dutse a Amurka, har muryarsa ta dishe, tsoho ya tare shi a kowace gaɓa.

"Wannan mala'ikan da ka ce, wa ya gan shi banda mutumin naku? To allunan zinariyar suna ina yanzu? An mayar sama? Yaro, ni ma in mai jirgi ya tambaye ni tsohon injinsa, nakan ce an mayar kamfani."

Masih kuwa na gefe a zaune, hannu a gwiwa, ba ya jin ko kalma, sai dai in tsoho ya dube shi ya gyaɗa kai.

Kusan rabin shekara ana haka. Wata rana na tarar da Sudheer a matakala yana goge takalmi, gugar da ta wuce ƙa'ida. Na zauna kusa da shi.

"Goggo, wasu da muka fito tare sun yi wa mutane baftisma har sun daina ba da labari. Ni na zama ɗan aiken Baba Devadanam."

"To ka bar zuwa mana."

"In mun bari wa zai kai shi asibiti?"

Na sauka na dama masa tsala da gishiri.

Abin da wa'azi ya kasa, likita ya yi shi cikin zama ɗaya. Ya auna jinin Devadanam ya ce sukari ya hau, daga yau ba sukari ko ƙwaya. Tsoho ya gwada shayi babu sukari kwana biyu, ya ce wannan ruwan wankin tukunya ne. Da yaran suka zo ya tare su a ƙofa.

"Na bar shayi. Tunda likita zai ƙwace da ƙarfi, gara in ba Allah kyauta in sami lada. Yaushe za ku tsoma ni a ruwan?"

Aka sa ranar Asabar ta mako mai zuwa. Sudheer ya wanke farin wandon baftisma da ya zo da shi tun daga gida bai taɓa sawa ba, ya shanya a barandata. Ina jin shi yana maimaita kalmomin da zai faɗa, har ya sa Masih ya tsaya yana gwada yadda zai kwantar da shi baya ba tare da ya sake shi ba.

Ran Talata babbansu ya bugo waya. An canza wa Dattijo Bandela wurin aiki, zai tafi Coimbatore ran Alhamis. Addu'arsa ta a kai shi nesa ta karɓu.

Na ce ya roƙa a ƙara masa kwana biyu. Ya ce sun yarda cewa irin wannan kira daga Allah yake, kuma wanda ya jira shekara da shekaru a amsa masa addu'a ba ya cewa a dawo jibi. Ya faɗa yana dariya, idonsa ja. Da safen tafiya Masih ne ya goge masa riguna ya ɗauki akwatinsa har tasha, abin da ba a rubuta a littafin doka ba.

Na je baftismar, don an ce akwai shinkafa da kaza. Masih ya sa wandon Sudheer, wanda ya tsaya masa a ƙwauri, ya tsoma tsohon a ruwa. Bayan an fito aka ba Devadanam dama ya ce wani abu. Ya miƙe ya nuna Masih.

"Wannan yaron ne ya jawo ni. Wata shida ina zazzaga masa magana, bai taɓa mayar mini ko ɗaya ba. Na ce addinin da ya koya wa yaro irin wannan haƙuri akwai wani abu a cikinsa. Ɗayan dai yana da kirki, amma akwai surutu."

Aka fassara wa Masih, ya buɗe baki zai gyara, sai aka tayar da waƙa.

A Coimbatore yaren Tamil ake yi, Sudheer bai iya ba. Mariyamma ta gaya mini yanzu shi ne mai zama a gefe yana gyaɗa kai, kuma mutane na yabon nutsuwarsa. Ya ƙare shekara biyunsa, ya koma Rajahmundry, ya sami aiki a wani kamfanin sayar da injin tace ruwa, ya auri wata 'yar cocinsu ma'aikaciyar jinya.

Ni ce na kwana ciki. Yaran suna gwada ni sau ɗaya su haƙura, Devadanam kuwa ya ɗauke ni aikin rayuwarsa. Kusan kullum da yamma sai ya dogara sanda ya zo barandata da littafin a hammata. Ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa, yakan manta ya ci abinci ko bai ci ba, amma hanyar gidana ba ta ɓace masa.

Bara Sudheer ya zo gaishe ni da matarsa da jaririyarsu. Ya yi gashin baki, har da ɗan tumbi. Muna zaune Devadanam ya shigo. Sudheer ya miƙe da sauri ya riƙe masa hannu. Tsoho ya ƙare masa kallo ya juyo gare ni.

"Kanakamma, ɗan ƙanenki ne wannan?"

Kafin in amsa ya ja kujera ya zauna gabansa. "Yaro, ka taɓa jin labarin annabin da aka aiko a wannan zamani?"

Sudheer ya dube ni, ya dubi matarsa, ya koma ya zauna. "Kaɗan na ji, Baba."

Tsoho ya fara. Ya haɗa sunan wannan da aikin wancan, ya ɗauke dutsen da aka tono allunan daga Amurka ya kai shi kusa da Urushalima. Na ga leɓen Sudheer na motsi sau biyu, amma bai gyara ba. Ya saurara har ƙarshe, jaririyar na barci a kafaɗarsa. Da aka gama Devadanam ya zaro littafin daga hammata ya ba shi, ya ce ya karanta ya yi addu'a a kai, kada ya biye wa goggonsa, taurin kai gare ta. Sudheer ya ce zai karanta. Shi da matarsa suka fita suka raka tsohon har ƙofar gidansa, sannan suka wuce tasha don kada motar yamma ta bar su.