Yatsan da Ƙofar Mota Ta Matse

Shekara talatin ya yi yana gyaran tafireta kafin a daina yayinta. Shi ya sa har yau, da ya koma gyaran kwamfuta a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, Baba Tafireta ake ce masa. Ba ya gaggawar kunna na'ura. Madannai yake fara dubawa.

Wata safiya wata mata ta ajiye masa kwamfutar 'yarta, wadda ta rasu wata biyu da suka wuce. Rubuta manhaja ce sana'ar yarinyar. Muryarta da hotunanta duk suna ciki. Kalmar sirrin tana rubuce a takarda, amma ƙanin matar ya gwada sau tara, ta ƙi buɗewa. Saura gwaji ɗaya, in an kuskure komai zai goge.

"Baba, ga shi da rubutun hannunta. Kanta za ta yi wa ƙarya?"

Kalmar tana da alamar baka guda biyu, ta buɗewa da ta rufewa. Ya karkata kwamfutar wajen hasken ƙofa. Masu wannan sana'a yini suke suna buga alamar baka, har madannanta biyu na gefen dama, tara da sifili, su yi sulɓi. Waɗannan kuwa kamar yau aka fito da su daga kwali.

"Hajiya, hannun 'yar taki na dama lafiya yake?"

Matar ta dubi nata hannun.

"Ƙaramin yatsan ne. Ƙofar mota ta matse shi tana shekara shida, bai ƙara lanƙwasuwa ba. Ni na rufe ƙofar."

"To, ƙaura ta yi wa alamar bakan, ta kai ta inda hannunta zai kai. Abin da ke rubuce kan madanni daban, abin da yake fitarwa daban."

Ya shafa layin lambobi. Can hagu, biyu da uku sun goge, da ƙyar ake karanta su.

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. In kin ce a bari, sai a bari."

"Buga."

Ya goge tafinsa a riga, ya buga a hankali: biyu a madadin buɗewa, uku a madadin rufewa. Madannin ƙarshe ya bar mata.

Ta danna. Allon ya yi duhu, ya ɗan jima, sannan ga hoton yarinyar tana dariya, ta ɗaga hannun dama, ƙaramin yatsan a miƙe.

Baba Tafireta ya juya baya, yana neman sukudirebar da ke aljihunsa.