Dawakan Yaya Karimu

Yayana Karimu yana ɗakina na baya a unguwar Longsight ta Manchester yanzu haka, zaune bakin taga, hannuwansa biyu a kan cinya kamar mai jiran a kira sunansa wajen GP, likitan unguwa. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin hannunsa babu wuƙa da guntun itace ba. Ɗan cikinsa ne ya mayar da shi haka, kuma ni Sherifatu ba zan rufa wa kowa asiri ba. Wanda zai ji haushi ya ji.

A zangon Kumasi aka haife mu, ubanmu kafinta ne. Yaya ya fita ƙasar waje yana saurayi, ya yi ta gararamba har Allah ya jefa shi Sweden. Ba ma babban birninsu ba, can tsakiyar ƙasar, wani yanki da ake kira Dalarna, wanda ƙarshensa ya jingina da duwatsun Norway. Daji ne iya ganinka, itatuwa dogaye miƙaƙƙu, ga wani ƙaton tafki mai suna Siljan da ƙauyuka suka kewaye. Gidajensu na katako ne, kusan duk ja. Yaya ya ce daga tsohon ramin haƙar jan ƙarfe na garin Falun ake samo garin fentin, tun zamanin kakanninsu. Da sanyi ya kama, tafkin kan daskare har mutane su yi tafiya a kansa. Na ce masa, Yaya, duk faɗin duniyar nan ka rasa inda za ka zauna sai cikin firij? Ya yi dariya kawai. Shi dama ba mai yawan magana ba ne, ni na kwashe rabonsa.

A wani ƙauye kusa da garin Mora ya samu ɗaki, maƙwabcinsa wani tsoho ne mai suna Olle. Wata rana tsohon ya gan shi yana gyara ƙafar kujera, ya tsaya ya kalli yadda yake riƙe wuƙa, ya shiga gida ya fito da wani guntun katako da aka yanka da siffar doki, ya miƙa masa. Sana'ar wajen ke nan. A da can, in maza sun shiga daji sarar itace da sanyi, sukan daɗe ba su ga iyalinsu ba, sai su zauna bakin wuta a bukka suna sassaƙa wa 'ya'yansu ɗan doki na wasa, don doki ne ke jawo musu gungume daga daji. Daga baya abin ya zama sana'a, har ya zama alamar yankin. Masu wajen aiki su yanka katakon da inji, su raba wa masassaƙa a gidajensu, a sassaƙe, a mayar, a tsoma a jan fenti, sannan masu ado su zana masa sirdi da linzami da geza. Ɗan doki ne gajere mai kauri, ko wutsiya babu. Wannan aikin Yaya ya yi har gashinsa ya yi fari.

Da ya je gida ya auro Faridatu, ita ma ta shiga sana'ar ta ɓangaren ado. Kai, Faridatu! Hannunta hannun mai lalle ne tun a Kumasi. Takan ɗebo launi biyu a burushi ɗaya, ta murɗa wuyan hannu sau ɗaya, sai ka ga fure ya fito a gadon bayan doki. Na kasuwa daban, amma lokaci-lokaci sukan yi nasu na gida, shi ya sassaƙa, ita ta yi ado, su ajiye. Akwai na haihuwar ɗansu Kamaldeen, akwai na shekarar da suka samu takardun zama, akwai na rasuwar Olle, akwai waɗanda su kaɗai suka san dalilinsu.

Sau ɗaya na taka ƙasar, lokacin da ciwo ya kwantar da Faridatu. Azumi ne, kuma ya faɗo a tsakiyar zafinsu, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa har mutum ya fara zargin agogo. A waje mutanen ƙauye sun kafa wani dogon itace da suka lulluɓe da ganye da furanni suna zagaya shi da rawa, mata cikin kayan gargajiya, kowane ƙauye da irin nasa, wasu na tuƙa dogayen kwale-kwale a tafkin irin waɗanda kakanninsu ke zuwa coci da su. Mu kuwa muna ciki da mara lafiya. Ta ce wa Yaya ya kawo mata doki. Ya kawo wanda ya riga ya tsoma a ja, na tallafe ta da ƙirjina, ya riƙe mata dokin. Ta zana linzamin, ta zana gezar saman kai, a hankali, tana hutawa. Da ta zo sirdi burushin ya faɗi a kan bargo. Ta ce gobe ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba. A can aka binne ta, Allah ya ji ƙanta. Kamaldeen yana jami'a a Birmingham lokacin, jana'iza kawai ya tarar.

Da yaron ya samu aiki ya yi aure ya kama gida a Handsworth, can cikin Birmingham ɗin, sai ya matsa wa ubansa ya dawo wajensa. Wannan kam ya kyauta, ban hana shi ba. Yaya ya zo da akwati biyu, ɗaya tufafi, ɗaya dawakai, kowanne a naɗe cikin safa. Ya kafa katako a bangon ɗakinsa ya jera su. A ɗan rumbun katakon da ke bayan gida ya ci gaba da sassaƙa, amma bai ƙara yi wa ko ɗaya fenti ba, farare yake barinsu. Kullum da safe in ya idar da lazimi sai ya bi na bangon da ƙyalle yana gogewa. Bai taɓa damun kowa ba.

Sai Kamaldeen ya yi sabon aboki, wani Ubaidullah, mai ilimin waya, wanda duk abin da ya saurara jiya yau ya zama fatawa. Ya shiga gaida Yaya, ya ga bango, ya fito yana girgiza kai. To, ni ba malama ba ce. Na san akwai magana a kan siffar abu mai rai, Yaya ma ya sani, ya sha tambaya, wasu suka ce masa abin wasan yara ba komai, wasu suka ce a'a. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Da Kamaldeen ya durƙusa gaban ubansa ya ce Baba ga abin da ke damuna, da wallahi ban ce uffan ba. Amma ina! Sai ya ɗauki waya ya kira ni.

"Gwaggo, don Allah ki zo ki ɗauki Baba ya yi miki weekend. Fenti za mu yi a ɗakinsa, kar warin ya taɓa masa ƙirji."

Har albarka na sa masa! Na hau mota tun daga Manchester na ɗauko yayana, na dafa masa wake da shinkafa irin na gida, na zagaya da shi kasuwar Longsight, ya zauna a kicin ya sassaƙa mini ludayi muna hirar mutanen zango da suka mutu. Ashe ni aka mayar mai gadi. In na tuna wannan har yau sai in ji zuciyata na tafarfasa.

Na mayar da shi da kaina. Fenti kam an yi, ɗaki fari fat. Dawakan ma suna nan a jere a kan katakonsu, kowanne a inda yake, suna fuskantar taga yadda ya saba ajiye su. Sai dai babu mai kai a cikinsu. An yanke su daidai wuya, da zarton Yaya na cikin rumbu, har an bi wajen yankan an goge shi sumul don kar ya soki hannu.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kamaldeen, uban wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Gwaggo, calm down. Ba mu zubar ba fa, ga su nan duka. An ce in aka cire kan shi ke nan, ya koma itace. Don Baba na yi, kar a tambaye shi gobe ƙiyama."

Kun ji fa. Har jira yake a gode masa! Na wanke shi tas. Na ce kai da ka yi wa ubanka ƙarya, ka yi wa gwaggonka ƙarya, ka shiga ɗakin dattijo a bayan idonsa, kai wa zai tambaye ka? Ko a wayar taku ba a karanta muku wannan babin ba? Matarsa ta leƙo ta koma. Maƙwabta ma na san sun ji, ban damu ba.

Yaya ya matsa kusa da katakon. Yana bin jerin da yatsa, yana taɓa wuyan kowanne, har ya zo na ƙarshe. Ya ɗauko shi. Guntun katako ja, ƙafa huɗu, babu ɗigon ado ko ɗaya a jikinsa.

Ya ce, "Ina kan wannan?"

Kamaldeen ya ce, "Suna cikin bin, Baba, motar sharar council ta kwashe jiya. Wannan ai dama jikinsa ba shi da ado, na ɗauka wanda ya lalace ne."

Nan na zauna a bakin gado. Na ce, "Wanda ya lalace? A ƙirjina uwarka ta jingina ta zana kan dokin nan. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa a duniya. Kan kawai ta samu ta yi, kai kuma kan ka yanke. Shekara nawa yana gidanka, ka taɓa tambayar ubanka ko sau ɗaya me ya sa wannan ya bambanta?"

Kamaldeen ya zuba wa guntun katakon ido. Yaya ya kamo hannunsa, ya buɗe tafin, ya ɗora masa guntun katakon, ya rufe masa yatsu a kai.

Ya ce, "Riƙe. Rabonka ne na wajen uwarka. Yanzu ya halatta." Sannan ya juyo gare ni. "Sherifatu, ɗauko mini jakata."

Tun ranar yana wajena. An ce Kamaldeen ya je har inda ake juye shara yana roƙon ma'aikata, suka ce masa ya makara. Yana kira yana kuka, Yaya yana ɗauka, ya amsa gaisuwa, ya ce ya yafe. Shi ya yafe. Ni in na ga sunan yaron a wayata kifa ta nake yi, kuma kar wanda ya zo mini da wa'azi, na ƙoshi.

Na sayo masa katako mai laushi na ajiye kusa da shi, na ɗora wuƙarsa a bakin tagar. Ƙura ce ke hawa kanta. Jiya da la'asar na kai masa shayi, ya daɗe yana kallon motocin Stockport Road, sannan ya ce, "Sherifatu, ke kina wajen. Linzamin nan da ta zana, shuɗi da fari ne, ko kore da fari? Kullum ina goge shi, amma yau na nema a kaina na rasa."

Na tsaya da kofi a hannu, na yi tunani iya tunanina. Fuskarta nake gani, da nauyinta a ƙirjina, da burushin a kan bargo. Launin kuwa ya tafi. Na so in zaɓi ɗaya in faɗa masa don ya samu sauƙi, amma ƙaryar da aka yi masa ta isa haka.

Na ce, "Yaya, wallahi ni ma na manta."