Gumin Ardell

A kasuwar Asabar ta garin Clarksdale a Amurka, tsoho Cleotis ya ƙura wa wani baƙo ido. Baƙon tsaf-tsaf yake, har da farar safar hannu. Da gani, gidansa cike yake da kayan kiɗan da aka rufe wa baki. A cinyarsa akwai abin da ya saya, jitar ƙarfen marigayi Ardell, aminin Cleotis, wadda ta shekara arba'in tana kuka in Ardell ya goga wa tsirkiyoyinta wuyan kwalba. Baƙon sai dirzar baƙin tabon da damtsen Ardell ya bari a jikinta yake yi.

"Bawan Allah, gumin mutum fa kake gogewa."

"Datti ne, baba. Bangon falona da zan rataye ta fari ne."

Cleotis ya tofar da yawu. Wankan gawa na biyu ke nan ake yi wa Ardell.