Filogin Mijin Auta

Shagon bakaniken yana bakin hanyar da ta gangara gonakin rani, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai. Injinan ban ruwa ne jere a jikin bango, wasu an farke musu ciki, wasu suna jiran masu su. A kan kanta, tsakanin sifanu da robar giris, akwai tsohon gwangwanin fenti, kuma saboda shi ne kowa ke ce wa mai shagon Baba Filogi.

A gyaran inji ya yi furfura. Lokacin da ya buɗe shagon, mutum zai kafa bututu a gonarsa, ya ja igiya, ruwa ya yi ta bulbula har ya gaji ya kashe. Daga baya gonaki suka yawaita, injina ma haka. Sai aka fara kawo masa wanda yashi ya cinye wa fanka, da wanda ya ƙone don ya yini yana zuƙar iska. Manoma suka koma haƙa rami suna saukar da inji don ya kusanci ruwa, ramin kuwa kowace shekara sai ya ƙara zurfi. Abin da damina ke zubawa a ƙasa bai kai abin da ake kwasa da rani ba.

Da aka zauna taro, aka yarda a rage shinkafar rani, kuma a riƙa hutar da rijiyoyi kwana biyu a mako. Amma wa zai yarda maƙwabcinsa ya kashe nasa? Dogo mai albasa, abokin bakaniken tun ƙuruciya, ya ce kowa ya cire filogin injinsa ya kai shago, tunda mutumin ba shi da ko taku ɗaya na gona, kuma rowarsa kaɗai ta isa ta tsare kayan jama'a. Aka yi dariya, aka amince. Kowa ya san ana sayar da filogi a kasuwa. Sai dai wanda ya ɗaura wa nasa ƙyalle ya jefa a gwangwani a gaban mutane, ya ba da maganarsa ke nan.

Abin ya tafi daidai har zafi ya tsananta. Mijin autar bakaniken ya makara da dashen tattasai, ya dasa ana gobe hutu, ruwan ya ɗauke masa kafin ya kai rabin gona. Duk da haka ya kawo filoginsa kamar kowa. Da safe kunyar suruki ta hana shi dawowa, sai Auta ce ta zo. Ta gaishe da uban, ta zauna kan wata tsohuwar taya, ta ce ganyen duk ya kwanta, kuma a kan tattasan nan suka dogara bana. Filogin suke so na ɗan lokaci kaɗan, ba wanda zai ce komai.

Bakaniken ya san ƙyallen surukin, shuɗi ne, yana ganinsa daga inda yake zaune. Ya kuma san yadda ƙarar inji guda ke ratsa gonakin in sauran sun yi shiru. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Auta, in na ba ki wannan, gobe wa zan hana?"

"To riƙe, Baba. Dama gwangwanin ka haifa."

Ta tashi ta tafi ba sallama.

Bai iya komawa kan aiki ba. Ya rufe shago, ya ari kura da jarkoki, ya nufi tsohuwar rijiyar bakin hanya, domin taro bai hana abin da hannu zai iya ja da guga ba. Da ya ɗebo ruwan, ya tarar da surukin tsaye a gona ya zuba wa shukar ido. Ba wanda ya tada maganar filogi. Suka bi kunya kunya suna zuba ruwa da kofi a gindin kowane dashe, suna rufewa da busasshiyar ciyawa. Dogo ya zo wucewa, ya ce ashe gyaran inji ya daina ci, tsoho ya koma garuwa. Ya gama tsiyarsa, sannan ya ajiye keke ya kama tura kurar.

Ba su ceci duka ba. Ɓangaren tudu mai yashi ya ƙone ƙurmus, kusan rabin gonar. Bakaniken ya yi ta jinyar baya, matarsa na gasa masa tana cewa ai ga sakamakon taurin kai nan. Auta ba ta leƙo ba. Sai kuma labari ya iso shago cewa an ga mijinta a kasuwa yana sayen sabon filogi.

Da jajibirin hutu ya zagayo, bakaniken ya zauna a rumfa yana duban hanya. Manoma suka yi ta zuwa suna jefa nasu, wani ya ce ruwan tsohuwar rijiya bai ƙaru ba, amma dai bai gangara ƙasa da alamar fentin da aka yi bara a jikinta ba. Ya amsa da ka kawai. Har rana ta yi sanyi babu shuɗin ƙyalle.

Yana shirin jan ƙofa surukin ya iso. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya jefa tsohon filoginsa a gwangwani. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya fito da sabon yana cikin kwalinsa, ya ɗora a kai.

"Ta ce a tambaye ka ya bayan," in ji shi, kansa a ƙasa.

Bakaniken ya rufe gwangwanin, ya ce a gaya mata da sauƙi.